Saƙar Bahago

Na sha jin yadda kuke ba 'ya'yanku labarin saƙata, kuma kowa da irin nasa. Wani ya ce likita ne ya sa ni don kada hawan jini ya kayar da ni. Wata ta ce zaman banza ne ya ishe ni bayan na bar aikin reluwe. Har na ji an ce wai tun ina yaro nake yi a ɓoye. Duk babu ɗaya. Ni da na ƙare ƙuruciyata a ƙarƙashin tarago da sifana a hannu, baƙin mai har gwiwar hannu, ban taɓa kawowa a raina zan riƙe kwarashi ba, wato ɗan ƙarfen nan mai ƙugiya a baki da mata ke saƙa da shi. To, tunda Allah ya ja kwanana kuma idona yana gani, bari in faɗa muku yadda aka yi. Mu biyu ne muka san farkon maganar, ɗaya kuma ta riga mu gidan gaskiya.

Mahaifiyarku Hajiya Rakiya, Allah ya jiƙanta, tun tana amarya ta koyi saƙa a wani ajin mata da ake yi kusa da tashar jirgi. Ba sana'a ta ɗauke ta ba, kuma duk wanda ya ce mata ta mayar da ita sana'a ya ɓata da ita na yini guda. Abin da take yi shi ne, duk jaririn da aka haifa a unguwarmu, ko na dangi ko na bare, ko na Musulmi ko na Kirista, sai ta kai masa abu huɗu: shawul na naɗewa, rigar sanyi, hula, da 'yan takalma. Kun san ba a yi wa ciki suna, ba a cewa wannan na ɗan wance ne tun bai zo duniya ba. Saboda haka in ka tambaye ta na wa take saƙawa, sai ta ce na mai rabo ne, alhali idonta na kan cikin kowace mace da ta wuce ƙofar gidanmu. Gidan nan kuwa ya sha ulu. Na tsinci zare a aljihuna, na tsinta a kan dardumar salla, na taɓa zaro wani ja daga cikin sakwara. Nakan tsokane ta in ce, garin nan Minna da zafi ke hana kaza ƙwai, me jariri zai yi da ulu? Sai ta ce in bari damina ta sauka in ga wanda zai fara neman bargo tsakanina da jaririn. Abu guda da ta tsana a duniya shi ne saƙar kasuwa, irin ta inji. Takan ɗaga ta da yatsa biyu ta ce wannan ba a yi bisimilla a kanta ba.

Tana da aminiya da suka koyi saƙar tare, Nna Fati, Banufiya 'yar Bida da aure ya kawo Minna. Kun san ta, kun kuma san Hausarta, kowa namiji ne a bakinta. Amincinsu irin na kaza da 'yar'uwarta ne, a kwana tare a tashi da tsattsaga. Duk abin da ɗaya ta saƙa, sai ɗayar ta karɓa ta juya cikinsa waje, ta ja nan ta ja can, tana neman inda aka yi kuskure. In ta rasa sai ta ce kalar ce ba ta yi ba. Haka suka tsufa, kuma ban taɓa ganin ɗayarsu ta yi ciwo ɗayar ba ta tare a gidanta ba.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda autarmu Bilkisu ta samu cikin fari, tana gidan mijinta a Chanchaga. A shekarar ne kuma sanyin ƙashi ya kama yatsun Hajiya. Ya daɗe yana taɓa ta, amma a wannan karon ya zauna. Gaɓoɓin suka kumbura, suka fara karkacewa. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta koma lulluɓe hannuwanta da gefen mayafi in an yi baƙi, ta bar wa yarinyar da ke taya ta aiki tuƙin tuwo, ta ce tsufa ne. Ni dai na lura da ƙarar kwarashi yana faɗuwa a kan siminti, ƙarar da a da ba na ji ko sau ɗaya a wata. Wata rana bayan la'asar na shigo na same ta zaune a bakin gado da farin ulu a cinya, ba ta yin komai.

"Hajiya, wannan layin ba shi na gani ranar Juma'a ba?"

"Tun yaushe ka fara ƙirga mini layi, Malam?"

"Tun da na daina jin kina yi mini waƙa in kina saƙa."

Can sai ta zaro hannuwan daga cikin mayafi ta ɗora a kan gwiwata. Na daɗe ban ji tausayi irin na ranar ba, domin na san abin da hannuwan nan suka yi a gidana.

"Babu ɗan da aka haifa a unguwar nan ban rufe shi ba," in ji ta. "Jikokina duk na rufe su. Sai na auta ne za a naɗe a abin da ban taɓa ba."

A nan na yi wautar da ta fi kowace. Na ce mata ai ana sayar da masu kyau a babbar kasuwa, har da masu hoton zomo. Ba ta ƙara yi mini magana ba sai washegari, kuma abincin daren ranar babu gishiri, na tabbata da gangan ne. Da ta huce na ce to a ba Nna Fati ta yi mana. Ta ce in Nna Fati ta ji hannunta ya mutu, za ta zo ta zauna tana yi mata sannu safe da yamma da idon tausayi, ita kuwa gara zagi da wannan. Don dai in ga haƙoranta, sai na ce to ta koya mini. Ta dube ni, ta dubi hannuna, ta kama dariya har da riƙe ciki.

"Kai? Da wannan hannun naka kamar faifai?"

"Gemu ba ya hana ilimi."

"Gemu ba ya hanawa, amma yatsa yana hanawa."

Ta gama dariyarta ta share hawaye, sannan ta miƙo mini kwarashin. A nan na gane wasan ya zama gaske, kuma babu hanyar janyewa.

Muka yi yarjejeniya, kowa da abin da yake tsoro. Ita ba ta son a san hannunta ya gaza. Ni kuma ina da majalisa a gindin dalbejiyar ƙofar gida, inda muke zama mu tsofaffin ma'aikata muna gyara ƙasa da baki. A majalisar nan akwai Alhaji Ɗanjuma, abokina tun muna gyaran tarago tare, mutumin da in ya samu abin tsokana a kanka sai ya kai ka kabari da shi. Wani ya taɓa zuwa da takalmi wari da wari, har ya mutu Wari ake ce masa. Ɗinkin hula da zare da allura aikin maza ne, kowa ya sani, amma dattijo mai furfura ya zauna yana saƙa wa jariri takalmi da ulu, wannan ban taɓa gani ba a Minna. Saboda haka muka ce ni zan saƙa, ita za ta kai, baki alaikum.

Kullum bayan la'asar sai mu shiga ɗakina mu tura ƙofa, in kunna rediyo don kada a ji faɗa. Faɗa kuwa an yi shi. Ashe matar da na zauna da ita shekara da shekaru ban san ta ba sai da ta zama malamata. Ba ta da haƙuri ko na anini. Kowace 'yar ƙofa da ake zura kwarashi a ciki ido take ce mata, kuma tana daga nesa za ta ce na tsallake ido. In na yi layi uku ina jin daɗi, sai ta karɓa ta kai kusa da taga, ta dawo mini da shi da kalma ɗaya.

"Warware."

Kalmar nan na ji ta har a mafarki. Na warware, na sake, na warware, har zaren ya yi laushi ya fara tashin gashi. Abin da nake fitarwa wani wuri a tsuke kamar bakin jaka, wani wuri a sake har ɗan yatsa ya wuce. Na taɓa jefar da kwarashin na ce ni na ɗaure notin da ke riƙe da tarago, ba za a zo a raina mini hankali a kan zare ba. Ta ce to in ɗauko sifana in saƙa da ita. Na tsaya ina huci, sannan na sunkuya na ɗauko kwarashina.

Ana cikin haka Bilkisu ta dawo gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Sai ɓoyon ya ƙara wuya. Yarinyar nan auta ce, ba ta jin tsoron kowa. Ta ga kullum iyayenta na shigewa ɗaki suna rufe ƙofa da rediyo, sai ta riƙa ɗaga murya daga tsakar gida.

"Inna, amarci aka sabunta ne ba a gayyace mu ba?"

"Ke, tafi can, marar kunya. Ƙafarsa nake matsa masa."

"To Allah ya ba Baba lafiyar ƙafa, don na ga kullum sai an matsa."

Ni dai ina ciki da ulu a cinya, gumi na karyo mini, ina ƙoƙarin kada in yi dariya in ɓata layi.

Yanzu ga abin da yawancinku ba ku sani ba. Ni bahago aka haife ni. A zamaninmu ba a barin yaro haka. Mahaifina, Allah ya gafarta masa, ya ɗaure mini hannun hagu da tsumma lokacin cin abinci, a makaranta kuma bulala ta ƙarasa sauran. Na koma ci da rubutu da dama, har na manta. Sai dai a wurin aiki, in noti ya ƙi kwancewa, nakan juya baya in ba hagu sifana, nan da nan ya saki. To wata rana Hajiya ta gaji da zama a gefena, ta dawo ta zauna a gabana muna fuskantar juna, ta ɗaga hannunta na dama tana nuna mini a iska yadda ake lanƙwasa wuyan hannu. Ni kuma ina kwaikwayonta kamar mai kallon madubi, ban san lokacin da kwarashin ya koma hannun hagu ba. Sai kawai na ga zare na tafiya. Ido na bin ido, babu tsukewa babu sakewa. Na kai ƙarshen layi na juyo, na sake kaiwa. Hannun da aka hana shi komai tun ina ɗan yaro, ashe yana nan yana jira. Na ji daɗi ranar nan irin wanda ban ji ba ko ranar da aka ƙara mini girma a wurin aiki, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Hajiya ta karɓa ta kai taga. Ta daɗe tana dubawa.

"Ba laifi," in ji ta.

Ku da kuka san mahaifiyarku kun san wannan lambar yabo ce.

Daga ranar abin ya shiga jinina. Na fara ɗokin la'asar. In ina majalisa ana gardamar siyasa, ni hankalina na kan inda na tsaya a shawul. Ni nake zuwa kasuwa sayen ulu, in ce wa mai shago saƙon Hajiya ne, amma in tsaya ina murza zare tsakanin yatsu ina cewa wannan ya cika kaushi, har mutumin ya fara yi mini wani irin kallo. Muka zaɓi fari da ruwan ƙwai, tunda ba mu san mai rabon mace ce ko namiji ba. Shawul ya ƙare, riga ta ƙare. Da na zo hula ne Hajiya ta lura da wani abu. Hula daga tsakiyar kai ake fara ta, ana zagayawa. Mai saƙa da dama zagayensa gefe guda yake bi, bahago kuwa nasa ɗaya gefen yake bi, har ɗan layin da ke sauka daga tsakiya zuwa baki yakan karkata ta inda ba a saba ba. Wanda ba ya saƙa ba zai taɓa gani ba.

"Wa zai duba?" na ce.

"Mutum ɗaya ce a garin nan, ita kuma ido ya tafi. Ran nan gishiri ta zuba a shayi."

Gaskiya ne, yanar ido ta rufe wa Nna Fati gani a lokacin, har 'ya'yanta sun ɗauke ta sun kai ta Bida ta huta. Muka kwantar da hankalinmu. Abin da ba mu sani ba, ba hutu kaɗai aka kai ta yi ba. An yi mata aiki an cire yanar, an kuma yanka mata tabarau.

Haihuwa ta zo kafin lokacin da muke zato. Bilkisu ta sauka lafiya, aka samu mace. A ranar na gama takalmi ɗaya, ɗayan kuma na kai rabi. Na ce zan ƙarasa kafin suna, amma ina. Gida ya cika da 'yan barka, dangi daga Kuta da na Bida da na ko'ina, aka jibge jakunkunan baƙi a ɗakina, yara na shiga suna fita. Ban samu ko zaman shan ruwa ni kaɗai ba. Na cusa takalman da kwarashi da sauran zaren a aljihun tsohuwar rigar aikina da ke rataye bayan ƙofa. Hajiya ta ce a bar takalman, ukun sun isa, cikin hayaniya babu mai lura.

Ranar suna aka raɗa wa yarinya Rakiya da safe a can wajen dangin uban, taron mata kuwa a gidanmu aka yi. Bayan azahar muna zaune da 'yan majalisa a ƙofar gida, sai goro ya ƙare, na shiga ɗaukowa. Tagar ɗakina tsakar gida take kallo. Na leƙa na ga mata sun cika tabarmi, an naɗe jaririya a shawul ɗina, ana miƙa ta hannu zuwa hannu ana yaba aikin Hajiya. Ina tsaye ina jin daɗi kamar ni ake yabo, domin ni ɗin ake yabo. Sai na hangi Nna Fati da sabon tabarau mai kauri, ta cire wa jaririyar hula tana juya ta a hannu.

"Hajiya," in ji ta, "wannan ba hannunka ba ne."

"Hannun wa ne in ba nawa ba?"

"Ni na san hannunka kamar na san nawa. Kai dama kake zagayawa. Wannan hagu ya bi. Kuma ina takalmi? Tun muna amare ba ka taɓa ba da kaya babu takalmi ba."

Ba da mugunta Nna Fati ta yi ba, abin da suka saba yi wa juna ne, ba ta san ta taka wuri mai ciwo ba. Sai wata daga cikin dangin mijin Bilkisu, wadda Hajiya ta taɓa kushe wa shawul ɗin kasuwa a gaban mutane, ta samu ranarta.

"Ko dai a kasuwa aka saya? Ai ba laifi ba ne, mu ma can muke saya."

Aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa. Na ga Bilkisu ta dubi uwarta. Na ga Hajiya ta ƙara cusa hannuwanta cikin mayafi. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, ta ce na Malam ne. Ina jira ta faɗa, ina kuma addu'ar kada ta faɗa. Ta ɗaga kai ta dubi tagar ɗakina, ban sani ba ko ta gan ni.

"To," in ji ta, "in kasuwa ce, kasuwa ce. Ku mayar mata da hularta kada ta sha iska."

Matar da ta yi rayuwarta tana cewa ba a yi bisimilla a kan saƙar kasuwa ba, ta yarda a ce ta sayo ta yi ƙarya da ita, a gaban surukai, don kada Alhaji Ɗanjuma ya yi mini dariya. Na ji kunya, na kuma ji sonta fiye da ranar da aka kawo mini ita. Na ajiye goron. Na zura hannu a aljihun rigar aiki, na ɗauki kujerata 'yar tsugunno, na fita. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

A bakin soro na ajiye kujerar, na yaye labulen na rataye shi a kan ƙofa, yadda na ciki za su gan ni, na waje ma su gan ni. Na yi sallama, mata suka amsa suna gyara mayafi, suna mamakin abin da ya kawo mai gida. Na ɗora takalmin da na gama a kan gwiwata, na kama rabin ɗayan, na sa kwarashi a hannun hagu, na yi bisimilla da ƙarfi yadda kowa zai ji, na ci gaba daga inda na tsaya. Ta bayana na ji takun Alhaji Ɗanjuma, ya biyo sawun goro. Ya tsaya. Na ji ya ja salati a hankali, sannan ya juya ya kira sauran su zo su ga abin da idonsa ya gani. Ban ɗaga kai ba.

Sai na ga ƙafafun Hajiya a gabana. Ta tsaya a kaina, ta sunkuyo. Na ɗauka godiya za ta yi, ko kuka, har na fara shirya abin da zan ce don in rarrashe ta. Sai ta fito da hannunta daga cikin mayafi, a gaban kowa, da kumburinsa da karkacewarsa, ta nuna wani wuri da yatsa.

"Ka tsallake ido ɗaya a nan. Warware."

Gidan ya ɗauki dariya gaba ɗaya, ciki da waje. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Bilkisu na dariya tana hawaye tana cewa ashe matsar ƙafar ke nan. Ni kuwa na duba, wallahi na tsallake. Na warware.

Nna Fati ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta taso ta kama hannun Hajiya ta juya shi, kamar yadda take juya saƙa, ta daɗe tana kallo ta cikin sabon tabarau.

"Shekara nawa muna tare, ka ɓoye mini wannan?"

"Don kada ki yi mini sannu."

"Ba zan yi maka sannu ba. Zagi zan yi maka, sai na gaji."

Ta kuma cika alkawari, ta zage ta tas da Hausa da Nufanci, sannan ta zauna kusa da ita ba ta saki hannun ba har magariba. Kafin ta tafi ta karɓi takalman da na gama ta juya cikinsu waje. Ta ce hannuna yana da kyau, sai dai ina jan zare kamar ina ɗaure noti. Aka sa wa takwarar Hajiya takalmanta kafin baƙi su watse, kayanta huɗu suka cika.

Kada ku ɗauka abin ya tafi a banza. Kafin sallar isha'i na zama Malam Kwarashi, kuma da sunan za a yi mini sanarwar jana'iza, na sani. Wani dattijo a masallaci ya daina ba ni hannu na wani lokaci. Ɗaya daga cikinku, ba zan faɗi suna ba amma ya san kansa, ya bugo waya daga inda yake aiki yana cewa Baba ka rufa mana asiri. Alhaji Ɗanjuma ya yi wata da watanni yana tambayata ko an sa ranar kai ni ɗakin miji. Na bar shi ya yi ta yi. Da na ga ba abin da ya rage a ɓoye, sai na fara fitowa da uluna majalisa, ana gardama ina saƙa. Da sanyi ya shigo, shi Ɗanjuman ne ya matso kusa da ni ya rage murya, ya ce sanƙonsa na damunsa da asuba, ko akwai ulu mai duhu wanda ba za a gane ba. Na saƙa masa hula da ulu mai ruwan ƙwai.

Hajiya ta yi shekaru bayan wannan. Ba ta ƙara riƙe kwarashi ba, amma ba ta bar saƙa ba. Ita ke lura da cikin matan unguwa, ita ke zaɓen kala, ita ke zama a gabana tana cewa warware. In na gama ta naɗe a zani ta kai da kanta. Kowa ya san wanda ya saƙa, amma babu wanda ya taɓa cewa an kawo na Malam.

Bayan rasuwarta na rataye jakar ulun a bayan ƙofa, na ce an gama. Sai matar wani mai gyaran babur da ke haya a bayan gidanmu ta haihu, haihuwar fari, ita da mijin baƙi ne a garin ba su da kowa. Na kwana biyu ina kai da kawowa. A na uku na sauke jakar. Babu mai ce mini warware, saboda haka na riƙa kai aikin taga da kaina, in duba, in faɗa wa kaina. Ranar sunan na naɗe kayan huɗu a zaninta, na je na yi sallama a ƙofar gidan. Wata maƙwabciya ta leƙo ta karɓa, ta buɗe gefen zanin ta gani, sai ta juya ta ɗaga murya zuwa cikin gida.

"Ku zo ku karɓa, an kawo na Hajiya."

Ban gyara mata ba, kuma har yau haka ake faɗa a unguwar nan duk lokacin da na kai. Na rubuta wannan ne don ku ku san yadda aka yi, ku daina ɗora wa likita abin da bai yi ba. Amma in kun ji mutanen unguwa sun ce an kawo na Hajiya, kada wanda ya gyara musu.